Jan tumatir kafin asuba: yadda ido ke kama haske, da inda ya samo wannan hali

Duk wanda ya taɓa sauke kayan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas kafin kiran assalatu ya san abin da zan faɗa, ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kansa ba. Mota ta kwana a hanya daga Kano ko Zariya, an ɗauke wuta, ana ta jibge kwanduna a gefen titi. Ka leƙa tumatirin da ka san ja ne jazur, sai ka gan shi baƙi-baƙi kamar gawayi, alhali kabejin da ke kusa da shi yana wani haske-haske kamar an barbaɗa masa toka. Kawuna ya fi shekara ashirin yana dillancin tumatir a can, kuma ba ya yarda a ƙulla ciniki a irin wannan lokaci. Ranar da na fara raka shi na ce, "Kawu, ga masu saye sun taru, ba za a buɗe ba?" Ya ce, "Kai yaro, bari gari ya waye, ko ka ɗauko tocila. Idon dare bai san nunanne ba."

Ya faɗi daidai, fiye ma da yadda ya zata. Akwai idon dare, akwai idon rana, kuma duka biyun suna zaune cikin ƙwayar ido guda. Wani masani ɗan ƙasar Cek mai suna Jan Purkinje ya rubuta irin wannan lura a 1825: furen da yake ja da hantsi yakan yi duhu da sassafe, kore da shuɗi kuwa su fito fili. Shi ma bai san dalili ba a lokacin. Dalilin yana can bangon bayan ido.

Tun kusan shekara dubu da suka wuce Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga waje. Hasken yana ratsa baƙin ido, ya faɗa kan wani tantani siriri da ke shimfiɗe a bangon baya, wanda likitoci ke kira ratina. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba, kuma asalinsa reshen ƙwaƙwalwa ne da ya tsiro tun jariri yana ciki. A cikin tantanin nan ne ƙwayoyin da ke jin haske suke, iri biyu. Wasu dogaye ne sirara kamar sanda, wasu gajeru masu tsini kamar mazurari. Turawa suna ce musu rod da kon. Ƙidayar da aka yi a 1990 ta ba da kimanin masu sanda miliyan 92 da masu tsini miliyan 4.6 a ido ɗaya. Tun a 1866 Bajamushen nan Max Schultze ya lura cewa idon mujiya da na jemage cike yake da masu sanda, na ƙadangare da tsuntsayen rana kuwa masu tsini ne suka yi yawa. Daga nan ya gane rabon aikin. Zan riƙa kiransu 'yan dare da 'yan rana.

Ba a watsa su haka kawai ba. A tsakiyar tantanin akwai wani ɗan gurbi inda 'yan rana kaɗai suka cunkushe, babu ɗan dare ko ɗaya, kuma da shi kake karanta wannan rubutu, da shi tela ke zura zare a allura. 'Yan dare suna zagaye da shi ta gefe-gefe. Shi ya sa abu marar haske sosai yake ɓace maka idan ka ƙura masa ido da dare. Fitilun Legas sun cinye mana taurari, amma idan ka je gida Arewa da sanyi, ka nemi Kaza da 'Ya'yanta a sama. Ka dube ta kai tsaye, za ka ƙirga 'ya'ya kaɗan. Ka ɗan kau da ido gefe, sai tarin ya ƙara haske, domin yanzu ya faɗa kan 'yan dare.

To, yaya ƙwaya ke "jin" haske? A saman kowane ɗan dare akwai faya-fayai kusan dubu a jere, ɗaya bisa ɗaya kamar an tara faifan tuwo, kuma kowane faifai cike yake da wani sinadari mai suna rodofsin. A 1876 Franz Boll ya ciro tantanin idon kwaɗon da ya daɗe a duhu, ya gan shi ja-ja, yana fito da shi haske sai launin ya koɗe. Rodofsin ɗin kenan ya gani. Abu biyu ne a haɗe: wani furotin da ake kira ofsin, da wani ɗan ƙaramin sinadari a cikinsa mai suna retinal, wanda jiki ke sarrafawa daga bitamin A. George Wald ne ya gano wannan alaƙa da bitamin A a 1933, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1967. Retinal yana zaune a lanƙwashe, kamar ɗanannen tarko. Da zarar ƙwayar haske guda, wato foton, ta buge shi, sai ya miƙe, cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa ba. Miƙewar nan ta ture furotin ɗin da ke rungume da shi, ya sauya siffa. Iyakar aikin haske a cikin gani kenan. Duk abin da ya biyo baya, jiki ne ke yin sa da ƙarfinsa.

Ga wurin da ya fi ɗaure mini kai tun ranar da na fara karanta shi. Hankali zai ba ka cewa ƙwayar tana kwance shiru a duhu, haske ya zo ya tashe ta. Akasin haka ne. A cikin duhu ƙofofin jikinta a buɗe suke, sinadarin sodiyam yana kwarara ciki ba tsayawa, ita kuma tana ta zuba saƙo ga jijiyar da ke gabanta. Haske ne ke rufe ƙofofin ya sa ta yi shiru. Ka ɗauka maigadi ne a wani layi a Agege da aka ce ya riƙa busa usur dare farai. Mutanen gida sun saba da ƙarar har ba sa jin ta, amma da ta yanke kowa zai ɗaga kai. Yankewar ita ce labarin. Tsuneo Tomita a Japan ya fara auna wannan a idon kifi a tsakiyar shekarun 1960, a 1970 kuma William Hagins da abokan aikinsa suka auna wutar da ke gudana a duhun. Sai a 1985 wasu masana a Rasha ƙarƙashin Evgeniy Fesenko suka nuna abin da ke riƙe ƙofofin a buɗe: wani sinadari ne da ake taƙaita sunansa da cGMP. Rodofsin da ya farka yana tayar da wani furotin mai suna tiransdusin, shi kuma ya tayar da wani mai lalata cGMP ɗin, ƙofofi su rufe.

Wannan doguwar sarƙa tana da amfaninta. A kowane mataki abin ƙaruwa yake yi: rodofsin ɗaya ya tashi tiransdusin da yawa, kowannensu ya jawo lalacewar cGMP masu yawa, har foton ɗaya tal ya rufe ɗaruruwan ƙofofi. A 1942 Selig Hecht da abokansa biyu a New York suka zaunar da mutane a duhu, suka gano cewa foton 5 zuwa 14 sun isa mutum ya ce "na ga walƙiya", kuma da yake sun watsu kan ɗaruruwan ƙwayoyi, lallai kowace ƙwayar da haske ya taɓa, foton guda ta samu. A 1979 Baylor da Lamb da Yau suka zuƙi ɗan dare guda na kwaɗo cikin siririn bututun gilashi, suka ga amsarsa ga foton ɗaya da idonsu a na'ura. Babu hasken da ya fi foton ɗaya ƙanƙanta, don haka ɗan dare ya kai maƙura. Kuɗin da jiki ke biya kuwa ba kaɗan ba ne. Dole a riƙa kwashe sodiyam ɗin da ke shigowa ana fitarwa, shi ya sa tantanin gani yana cikin sassan jiki mafiya shan iskar oksijin, kuma 'yan dare sun fi cin ƙarfi a duhu fiye da cikin haske.

Yanzu ka tuna lokacin da aka ɗauke wuta kana tsakiyar cin tuwo. Duhu dunɗum, ko hannunka ba ka gani. Baƙin ido yana buɗewa nan take, daga kamar milimita 2 zuwa 8, amma wannan taimako kaɗan ne. 'Yan rana suna ƙoƙarinsu na minti biyar zuwa goma, sai su kai iyakarsu. 'Yan dare kuma fitila ta riga ta koɗar da wani kaso na rodofsin ɗinsu, sai an kai retinal ɗin da ya miƙe wani baƙin tantani da ke bayansu, an sake lanƙwasa shi, an dawo da shi. Kafin a gama, minti talatin zuwa arba'in sun wuce. Shi ya sa bayan rabin awa kake ganin har inuwar buta a bakin ƙofa. Kunna waya sau ɗaya a fuska ya isa ya mayar da kai baya. Direban da motar gaba ta dallare wa fitila a hanyar Legas zuwa Ibadan yana shiga ƙaramin irin wannan hali, kuma a daƙiƙun nan da gaske ba ya ganin wanda ke tsallaka titi da baƙaƙen kaya.

Launi kuwa aikin 'yan rana ne, domin su iri uku ne, kowanne da ofsin ɗinsa: ɗaya ya fi jin haske mai tsawon zango kusan nanomita 420 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), wajen shuɗi, ɗaya 530, wajen kore, ɗaya 560, wanda ke miƙawa har cikin ja. Ƙwaya guda ba ta san launi ba, yawan abin da ta kama kawai take faɗa. Ƙwaƙwalwa ce ke kwatanta amsoshin ukun ta fitar da launi. 'Yan dare iri ɗaya ne tak, babu abokin kwatance, kuma sun fi jin nanomita 500, tsakanin shuɗi da kore. Ja kusan bai taɓa su. Ga tumatirin Kawu nan: kafin asuba 'yan dare ne a bakin aiki, kabeji ya yi musu haske, tumatir ya zama gawayi.

Daga ina wannan tsari ya fito? Na san akwai masu karatu da jin "juyin halitta" kan sa su ɗaure fuska. Abin da zan kawo shi ne abin da aka karanto daga jikin halittu da ƙwayoyin gadonsu. A wurina, sanin cewa abu ya biyo matakai bai rage komai daga hikimar Wanda ya tsara matakan ba. Ƙara mini mamaki ma yake yi.

Ofsin ya girmi ido. Ana samun sa har a halittun ruwa marasa ƙwaƙwalwa. Tun da wuri ya rabu gida-gida, manya biyu su ne wanda ƙwari irin su ƙuda suke gani da shi, da wanda mu masu ƙashin baya muke gani da shi. An daɗe ana zaton gidajen biyu ba su haɗa komai ba, sai a 2004 Detlev Arendt da abokan aikinsa a Jamus suka duba wata tsutsar teku mai suna Platynereis. Idanunta irin na ƙwari ne, amma a cikin ƙwaƙwalwarta akwai ƙwayoyi masu ofsin irin namu. Wato kakan kowa yana da duka biyun, kowace zuri'a ta ɗauki ɗaya ta ɗora gani a kansa. Mu ma ba mu yar da ɗayan ba. A 1998 an gano wani ofsin mai suna melanofsin a fatar wani kwaɗon Afirka, a 2002 kuma aka tabbatar cewa wasu tsirarun jijiyoyi a tantanin idon dabbobi masu shayarwa suna jin haske da shi. Ba su nuna maka hoto. Su ke gaya wa jiki gari ya waye ko dare ya yi, su saita barci, kuma shuɗin haske suka fi ji, irin wanda fuskar waya ba ta rasa shi.

Tsakanin 'yan dare da 'yan rana, wane ne babba? Da yake gani baƙi da fari ya yi kama da tsohon yayi, mutane da yawa sun ɗauka 'yan dare ne. A 1992 masana a Japan suka jera ƙwayoyin gadon ofsin na kaza, suka ga cewa na 'yan rana ne suka fara rarrabuwa, rodofsin ya ɓalle daga ɗaya daga cikinsu daga baya. Akwai wani kifi marar muƙamuƙi da ake kira lamfiri, wanda zuri'arsa ta rabu da tamu kimanin shekara miliyan 500 da suka wuce. A 2003 an samu ofsin iri biyar a wani jinsinsa na kudancin duniya. Ashe tun a tekun wancan zamani ana ganin launi. Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin wayoyin idonmu. 'Yan rana suna da layinsu har zuwa jijiyar da ke fita ƙwaƙwalwa. 'Yan dare ba su da nasu cikakke: saƙonsu yana tafiya taki ɗaya, sai wata ƙwaya ta karɓa ta zuba shi cikin layin 'yan rana, kamar wanda ya tare a unguwa daga baya ya jona wutarsa a layin maƙwabci.

Kazar da muke raina wa ido, muna cewa magariba na yi ta makance, ta fi mu ganin launi. 'Yan ranarta na launi iri huɗu ne, kuma kowanne da ɗigon mai a gabansa, mafi yawansu masu launi, suna tace haske. Kifaye da ƙadangaru da yawa ma iri huɗun gare su. Mu ne muka yi asara. Bayanin da Gordon Walls ya kawo a 1942, wanda binciken baya ya ƙarfafa, shi ne dabbobi masu shayarwa na farko ƙanana ne, sun rayu fiye da shekara miliyan ɗari a zamanin da manyan dabbobin dainoso ke riƙe da rana, sai suka koma yawon dare har waɗancan suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. A wannan dogon dare ofsin biyu cikin huɗu suka salwanta, 'yan dare suka mamaye tantanin. Har yau kusan 95 cikin ɗari na ƙwayoyin hasken idon mutum 'yan dare ne, ga halittar da ke kasuwancinta da rana. Ragon da ka taya a Alaba Rago da 'yan rana iri biyu yake kallonka, ja da kore ba su rabu masa sosai ba. Ka haska shi da tocila kuwa idonsa ya yi ƙyalli, saboda wani tantani mai mayar da haske da ke bayan ratinarsa, irin na kyanwa, wanda ke ba hasken dama ta biyu.

Namu na ukun sabo ne. Kimanin shekara miliyan 30 zuwa 40 da suka wuce, a zuri'ar birran Afirka da Asiya, ƙwayar gadon ofsin ɗaya ta ninku gida biyu, suka ɗan bambanta, aka samu na kore da na ja. Jeremy Nathans ya ware su a 1986, ya same su jere da juna a kan kuromosom X, ɗaya daga cikin ƙunshin da ƙwayoyin gado ke jere a kai, kusan kamarsu ɗaya. Wannan kama ce ke sa su cakuɗe wani lokaci, kuma da yake namiji X ɗaya gare shi, maza ne suka fi rashin bambance ja da kore: kusan 8 cikin ɗari a mazan Arewacin Turai, ƙasa da haka a Afirka. Masana da yawa suna ganin amfanin na ukun shi ne hango nunannen ɗan itace ko ɗanyen toho cikin koren ganye, aikin da dillalin tumatir ke yi kullum. Tsakar da ke bin bangon ɗakinka ta bi wata hanya dabam: kakanninta ƙadangarun rana ne da suka rasa 'yan dare, da ta koma dare sai 'yan ranarta suka girma suka ɗauki aikin, har an nuna a gwaji cewa wani jinsinta yana bambance launi a hasken farin wata.

Akwai wani abu da ake yawan gardama a kansa. Tantanin namu a juye yake: ƙwayoyin haske suna can ƙarshen baya, jijiyoyi suna gabansu, kuma inda jijiyoyin sama da miliyan ɗaya suka taru suka huda suka fita babu ƙwayar gani ko ɗaya. Rufe idon hagu, miƙe hannuwa, ɗaga manyan yatsu biyu da tazarar kamar taƙi, ka kafa idon dama a kan yatsan hagu, ka riƙa matsar da na dama a hankali. Akwai inda kansa zai ɓace ɓat. Oktofus, dabbar teku mai hannuwa takwas, ba shi da wannan gurbi, nasa tantanin yana fuskantar haske. Wasu suna kiran namu kuskure. Ban yarda da kalmar ba. Ƙwayar da ke cin ƙarfi haka, wadda ke zubar da tsofaffin faya-fayanta ta sabunta su duka cikin kwana goma ko makamancin haka, tana bukatar ta jingina da baƙin tantanin da ke kwashe mata shara yana lanƙwasa mata retinal, da jinin da ke bayansa. Juyewar ta samo asali ne daga yadda ido ke tsirowa daga ƙwaƙwalwa, kuma a kanta aka gina sauran.

Duk wannan ya sa nake jin zafi idan na ji ana yi wa yaro dariya don yana tuntuɓe da almuru, ana ce masa mai idon kaza. Dundumi ne, kuma 'yan dare ne ke kuka. Sau da yawa ƙarancin bitamin A ne: babu isasshen retinal, rodofsin ba ya cika. Hanta, ƙwai, manja, karas, mangwaro, gwanda da zogale duk suna taimakawa, haka ma ɗigon bitamin A da ake ba ƙananan yara a asibiti. Alamar ido da ke jikin wasu kwalaben man girki da buhunan sukari da fulawa a Najeriya tana nufin an ƙara musu wannan bitamin. Idan aka bar ƙarancin ya yi nisa, farin ido yakan bushe, gilashin gaban ido ya lalace, wannan kuma ba ya dawowa. Akwai kuma dundumin gado, inda 'yan dare ke mutuwa a hankali, gani ya riƙa tsukewa daga gefe har mutum ya zama kamar mai leƙe ta bututu. Abinci ba ya warkar da wannan, kuma daga waje ba a rarrabe su, sai likitan ido ya ɗiga magani ya buɗe baƙin idon, ya haska ya dubi tantanin da kansa.